Kiɗan Na'ura Mai Kama da Mafarki Daga Ƙasar Japan



Sharhinmu na yau ƙasar Japan zai kai mu. Da motoci da babura da talabijin muka fi sanin ƙasar, amma yau batun kiɗa za mu yi. Akwai wani irin kiɗa da Japanawa suka kwashe sama da shekara 40 suna yi da na'urorin lantarki, wanda bai dace da filin rawa ba, bai kuma dace da gidan biki ba. A hankali yake tafiya. Muryar mai waƙa, in ma akwai murya, can ƙasa-ƙasa take zuwa, a naɗe cikin amo, har mai sauraro ya kasa gane inda mutum ya tsaya da inda na'ura ta karɓa. Masu sayar da faifai sun laƙaba masa sunaye barkatai. Mu a nan za mu kira shi kiɗan mafarki, domin haka yake sauka a kunne, kamar hazon sassafe a tsakiyar hunturu, kana hango bishiya amma ba ka ganin iyakar rassanta.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da abin da ake kaɗawa a Tokiyo? Akwai ruwanmu kuwa. Fiyanon da aka riƙa yin waƙoƙin finafinan Hausa da shi a situdiyoyin Kano tun daga tsakiyar shekarun 1990 na kamfanin Yamaha ne, kuma hedkwatar Yamaha tana garin Hamamatsu na ƙasar Japan. Tun da kiɗan fiyano ya shigo ake zarginsa da abu biyu: wai ya kori kalangu da kukuma da garaya, wai kuma ba shi da rai, maɓalli kawai ake dannawa na'ura ta ƙarasa aikin. Zargin farko yana da ƙamshin gaskiya, wata rana za mu zauna a kansa. Na biyun ne ban yarda da shi ba, kuma hujjata tana can ƙasar da ta ƙera na'urar. Da irin waɗannan akwatuna, wani lokaci ma da mafi arha a cikinsu, Japanawa suka yi kiɗan da zai sa mutum ya ajiye abin da yake yi, ya yi tsit.

Bari mu ɗauko zancen daga tushe. A farkon shekarun 1970 wani makaɗi mai suna Isao Tomita ya yi odar wata ƙatuwar na'urar haɗa sauti ƙirar Moog daga Amurka. Da ta iso filin jirgin sama, jami'an kwastan suka riƙe ta, domin sun ƙi yarda cewa wannan tarin wayoyi da maɓallai abin kiɗa ne. Da ya samu ya karɓo ta, shi ya koya wa kansa sarrafa ta, kuma a 1974 ya fitar da faifan Snowflakes Are Dancing, inda ya sake kaɗa kiɗe-kiɗen Bafaranshen nan Claude Debussy da lantarki zalla. Faifan ya karɓu a Amurka har ya shiga takarar kyautar Grammy. Wani yaron gidan Tomita, Hideki Matsutake, shi ne daga baya ya zama mai saita na'urori ga ƙungiyar da ta buɗe wa kowa ƙofa, wato Yellow Magic Orchestra, wadda ake taƙaitawa da YMO.

Mutum uku suka kafa ta a Tokiyo a 1978: Haruomi Hosono da Ryuichi Sakamoto da Yukihiro Takahashi. Kiɗansu na farko-farko mai sauri ne, mai walwali, irin na wasannin kwamfuta, mafarkin bai shigo ba tukuna. Sai dai su ne suka nuna wa matasan Japan cewa na'ura ma kayan kiɗa ce ta gaske, kuma suna cikin na farko da suka kaɗa gangar lantarki ta kamfanin Roland mai lamba TR-808.

Wannan ganga ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta. A 1980 ta fito, a 1983 aka daina ƙera ta, bayan an yi kimanin guda 12,000. A kasuwa faɗuwa ta yi, domin makaɗa sun ce sautinta bai yi kama da na gangar gaske ba. Wani ɓangare na amonta ma daga wasu ƙananan kayan lantarki ya fito, tiransisto, waɗanda masana'anta ta ware a matsayin masu aibi. Mai kamfanin, Ikutaro Kakehashi, da gangan ya saye su saboda irin sautin da suke bayarwa. Da aikin ƙira ya inganta aka daina samun masu aibin, sai gangar ita ma ta ƙare. Yau kuwa amonta yana ƙarƙashin dubban waƙoƙi, tun daga hip-hop na Amurka har zuwa abin da yaranmu ke sawa a waya. Ku riƙe wannan a rai, domin za mu sake cin karo da shi: masu wannan kiɗa ba sa ɓoye aibi, aiki suke sa shi.

Ga kuma abin da ya taɓa mu kai tsaye. A wannan shekarar ta 1980 Sakamoto ya fitar da faifansa na ƙashin kansa, B-2 Unit, kuma a ciki akwai wani kiɗa da ya sa wa suna Riot in Lagos, wato tarzoma a Legas. Kunnensa yana kan kiɗan Afirka ta Yamma, musamman irin na Fela Kuti, kuma masu bin tarihin kiɗa suna lissafa wannan a cikin tubalan kiɗan lantarki na zamani. Ashe tun lokacin ake cuɗanya, su suna turo na'ura, Afirka tana tura salo.

Sanyin kiɗan kuwa ta ƙofar da ba a zata ba ya shigo, ƙofar 'yan kasuwa. Shekarun 1980 lokaci ne da kuɗi suka yi wa Japan yawa. Birane sun cika maƙil, jiragen ƙasa sun cika, ɗakunan kwana sun ƙanƙance, hayaniya ta ko'ina. Kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979, 'yar ƙaramar rikodar kaset da mutum zai rataya ya toshe kunnensa, ya keɓe kansa alhali yana tsakiyar taro. A cikin wannan hali wasu makaɗa suka fara tambayar kansu: shin ba za a iya yin kiɗan da zai zauna a ɗaki tare da mutum ba, ba tare da ya nemi a kula shi ba? Sun san aikin Erik Satie na Faransa, sun saurari Brian Eno na Ingila, amma abin da suka fitar nasu ne, suka kira shi kiɗan muhalli.

Wanda ya fi tsaya mini a rai a cikinsu shi ne Hiroshi Yoshimura. A gida ya haɗa wasu 'yan kiɗe-kiɗe guda 9 da fiyanon lantarki, ya miƙa wa gidan baje kolin zane-zane na Hara da ke Tokiyo a lokacin, aka riƙa sawa a cikin ginin. Masu ziyara suka dinga tambayar inda za su samu su saya, har aka buga shi a faifai a 1982 da sunan Music for Nine Post Cards. In ka saurare shi za ka ji 'yan sautuka ƙalilan ne suke zuwa, su tafi, su dawo, kowanne da tazararsa. Rabin aikin shirun da ke tsakaninsu ne yake yi. Mutumin ya iya kiɗa ƙwarai, amma ya fi iya sanin lokacin da zai ɗauke hannu, kuma a ganina wannan ya fi wuya.

Kamfanoni suka ga abin ya yi musu. Kamfanin gina gidaje na Misawa Homes ya sa Yoshimura ya yi masa faifan Surround a 1986, domin a riƙa sawa a gidajen da yake ginawa. Kantunan Muji suka sa Hosono na YMO ya yi musu kaset a 1984. Kamfanin Sanyo ya sa Takashi Kokubo ya yi kiɗan da ya raka wata na'urarsa ta sanyaya ɗaki a 1987. Wannan Kokubo ɗin, wanda ya yi suna wajen kwantar wa mutane hankali, shi ne kuma ya tsara ƙarar da wayoyin salula ke yi a Japan in girgizar ƙasa ta taso. Mutumin da ya san abin da ke kwantar da zuciya, ya san abin da ke tayar da ita.

Kada na wuce ban ambaci Midori Takada ba. Makaɗiya ce da ta yi karatun kiɗan Turawa har ta hau dandamali a Jamus, sannan ta juya ga kiɗan Afirka da na Asiya. Ta yi aiki da Kakraba Lobi, gwanin kiɗan itatuwa jere na arewacin Ghana. A 1983 ta shiga situdiyo, cikin kwana biyu ta ɗauki faifan Through the Looking Glass, ita kaɗai take kaɗa komai, tana ɗora sauti a kan sauti: marimba, ƙararrawa, ganguna, har da kwalaben lemo da take busawa. Lantarkin da ke ciki na na'urar ɗaukar sauti ne kawai, amma yadda ta matso da wannan kusa ta tura wancan nesa ya sa mutum yakan ji kamar a cikin kiɗan yake tsaye. Faifan bai sayu ba. Ya ɓace sama da shekara 30.

To, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A ƙarshen 1989 kasuwar hannayen jari ta Tokiyo ta kai ƙololuwa, a 1990 ta rufto, kamfanoni suka ɗaure bakin jaka. Japanawa da kansu suna kiran abin da ya biyo baya ɓatattun shekaru. Kiɗan ya bar kanti da zauren baje koli ya koma ɗakunan matasa, kuma a can ne ya samu abu biyu da ba shi da su a da: murya da kewa. Daga nan ya zama waƙa sosai.

Ƙungiyar Fishmans, wadda aka kafa a Tokiyo a 1987, da kiɗan rege na Jamaika ta fara. Mawaƙinta Shinji Sato yana da wata siririyar murya mai tashi sama, kamar ta mai magana cikin barci. A 1996 suka fitar da Long Season, faifai guda waƙa guda, tsawon minti 35. Wani ɗan gajeren kari na fiyano ne yake ta juyawa, a tsakiya sai komai ya narke ya koma ƙarar ruwa da bugun ganguna, can kuma waƙar ta sake tattaro kanta ta dawo. Sun yi wasansu na ƙarshe da shi a Disamban 1998, a watan Maris na 1999 Sato ya rasu yana da shekara 33.

Amma in aka ce na kawo shaida guda ɗaya tak a kan maganar da na faro da ita, Rei Harakami zan kawo. Haifaffen Hiroshima ne, a Kiyoto ya zauna, kuma da harkar fim ya fara kafin kiɗa ya janye shi. Kayan aikinsa wani ɗan akwati ne na Roland mai lamba SC-88Pro, wanda aka yi domin masu sha'awar haɗa kiɗa da kwamfuta a gida. Sautuka sama da 1,000 ne a cikinsa, duk shiryayyu daga kamfani, irin waɗanda ake ji a gidajen karaoke, inda mutane ke bin waƙa da makirufo. Ƙwararru ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Harakami ya riƙe shi shekara da shekaru, bai yar ba don sabo ya fito. Ya bi sautukan ɗaya bayan ɗaya, ya san inda kowanne ke da kaifi da inda yake da laushi. Sai ya ɗauki sautin fiyano guda, ya dushe masa kaifi, ya sa amsa-amo ya riƙa binsa a baya, ya kai shi kunnen dama ya dawo da shi na hagu, har ya zama wani abu mai zagaye, mai ɗumi, wanda kamfanin da ya ƙera akwatin ma bai san yana ciki ba. Faifansa Red Curb na 2001 da Lust na 2005 duk haka aka yi su. Wanda ya san shi, da jin kari biyu zai ce wannan Harakami ne, alhali dubban mutane suna da akwati irin nasa sak. Babbar mawaƙiyar nan Akiko Yano, wadda ta yi yawon wasa da YMO tun farko, ta ji aikinsa ta nemi su haɗa gwiwa, suka yi ƙungiyar mutum biyu mai suna yanokami. Ya rasu a watan Yulin 2011 yana da shekara 40. To, jama'a, in na'ura ce ke yin kiɗa ba mutum ba, me ya hana sauran masu wannan akwati su yi abin da ya yi?

Sai kuma Tujiko Noriko, 'yar Osaka, wadda daga baya ta koma Faransa da zama. Faifanta Shojo Toshi ya fito a 2001 daga kamfanin Mego na ƙasar Ostiriya, kamfanin da aka sani da kiɗan kwamfuta mai kaushi, mai tsaga kunne. Ita kuwa sai ta ɗora murya mai taushi a kan irin ƙarar da injiniyan sauti zai yi maza ya goge: tartsatsin kwamfuta, karcewar faifai, sautin da ya yanke a tsakiya. Ana jin numfashinta. Wani wurin muryar takan ɗan karkace daga kari, ta bar ta haka. Kun tuna tiransisto masu aibi? Ga su nan sun dawo ta bakin mutum. Ni ba na ganin Japananci ne ya hana ko ya sa waƙarta ta kama zuciya; abin da ke kamawa shi ne jin cewa ga mutum nan, mai rauni, a tsakiyar injina, kuma ba ta ɓoye rauninta ba. A bayanta akwai matasa irin su Cuushe 'yar Kiyoto, wadda ke jera muryarta hawa-hawa har ta zama gajimare guda, kamar yadda ake ji a faifanta Butterfly Case na 2013.

Ba na son ku ɗauka komai na wannan fanni zinariya ne. Da yawa lami ne, sauti mai daɗi wanda ba ya cewa komai, kuma tun da abin ya samu kasuwa masu kwaikwayo suka yi yawa. Akwai ma masu sukar da ke cewa kiɗan da aka yi don a sayar da gida da na'urar sanyaya ɗaki aikinsa ya sa ma'aikaci ya haƙura da matsatsin ɗaki da doguwar ranar aiki, ya kwanta ya tashi ya koma. Wannan suka tana da nauyi, ban raina ta ba. Japan ɗin ce kuma ta fito da Hatsune Miku a 2007, mawaƙiyar da ba mutum ba, manhajar kwamfuta da aka gina a kan fasahar Vocaloid ta Yamaha, wadda hotonta ke cika manyan zaurukan wasa. Wannan wata hanya ce daban, masu sonta suna da yawa. Ni dai inda nake jin hannun mutum a kan na'ura, can kunnena yake zama.

Sakamoto kansa can ya ƙare. Bayan ya ci kyautar Oscar da kiɗan fim ɗin The Last Emperor na 1987, ya zaga duniya, ya yi aiki da Youssou N'Dour na Senegal, sai ga shi a ƙarshen rayuwarsa yana neman sauti mafi ƙanƙanta. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, ya je wata makaranta a yankin Miyagi ya tarar da fiyanon da ruwa ya shanye, duk saitinsa ya tashi. Bai nemi a gyara shi ba. A haka ya ɗauki sautinsa, ya sa a faifansa async na 2017, wanda ya yi bayan ya yi jinyar ciwon daji na maƙogwaro. Faifansa na ƙarshe, mai suna 12, a Janairun 2023 ya fito, kuma a wasu wurare ana jin numfashinsa a bayan fiyano. A watan nan ne abokinsa Takahashi ya rasu, shi kuma ya bi shi ranar 28 ga Maris, yana da shekara 71.

Yadda duniya ta waiwayi wannan kiɗa ma abin lura ne. Babu talla, babu kamfe. Wasu masu tara tsofaffin faifai ne suka riƙa ɗora su a YouTube, manhajar ta riƙa tura wa mutane, miliyoyi suka ji. A 2017 aka sake buga faifan Midori Takada, ta dawo tana wasa a Turai da Amurka bayan ta haura shekara 60. A 2019 kamfanin Light in the Attic na Amurka ya tattara kiɗan muhalli na shekarun 1980 zuwa 1990 a kundi guda, kundin ya shiga takarar Grammy. Yoshimura bai ga wannan rana ba, tun 2003 ya rasu.

Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga wannan hanya. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗan Mamman Sani a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Tun 1978 ya ɗauki kiɗansa na fiyanon lantarki, mai sanyi, mai tafiyar raƙumi, kuma sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi duniya ta ji. A Yamai kuma akwai Hama, wanda da fiyanon Yamaha ya mayar da karin waƙoƙin Sahara na lantarki. Saboda haka ba cewa nake a kwaikwayi Japan ba. Abin da nake cewa shi ne, na'urar da ke gabanmu ta fi abin da muke tambayarta yawa.

Kirana ga 'yan'uwa masu situdiyo a Kano da Kaduna da Jos da Damagaram da Maraɗi: wata rana in aiki ya lafa, ku kashe gangar nan da ta zo a shirye cikin fiyano. Ku ɗauki sauti guda ku zauna da shi har ku san halinsa. Ku rage na'urar gyaran murya, a ji mawaƙiya tana numfashi. Ku kira mai kukuma ko mai gurmi, ku ɗauki sautinsa na gaske, ku ba shi fili, kada ku binne shi. Ba sai kun jira sabon kaya daga Dubai ba.

Ku kuma masu sauraro, duk mai hali ya nemi uku daga cikin abin da muka ambata, Music for Nine Post Cards na Yoshimura, da Lust na Harakami, da Long Season na Fishmans, ya sa iyafis bayan gari ya yi shiru, ya saurara har ƙarshe ba tare da ya tsallake ba. Bayan nan sai ku aiko mana da ra'ayinku, ko kun yarda da ni ko ba ku yarda ba, za mu karanta.